Yadda ake yanka manifol ɗin inji mai silinda shida a jere don ya ɗauki babbar kafireta: misali da Ford 200

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar Ford Falcon ko Mustang ta shekarun 1960 mai silinda shida, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙanƙantar kafiretar. Ga inji dogo, lita 3.3, amma a kansa wata 'yar aba ce mai maƙogwaro ɗaya, kamar an ba ƙato ruwa a murfin kwalba. Injin nan shi ake kira Ford 200. Ya fito a 1963, an ci gaba da sa shi a motoci irin su Maverick da Fairmont har farkon shekarun 1980, kuma daga 1965 yana da manyan bearin bakwai a ƙasa, shi ya sa ba ya mutuwa da sauƙi. Ƙasansa lafiya lau. Numfashi ne ba ya isarsa.

A yawancin injina, manifol ɗin shigar iska, wato bututun da ke raba iska da fetur daga kafireta zuwa silindu, abu ne da ake ɗaurawa da noti. In bai yi maka ba, ka kwance ka sayo wani. A wannan kuwa kamfanin ya zuba manifol ɗin tare da kan silinda, ƙarfe guda, babu inda za ka sa sifana. Amurkawa suna ce masa gungume saboda siffarsa: bututu ne miƙaƙƙe kwance a gefen kan injin, da rami ɗaya a tsakiya. A Ostareliya an yi wa ɗan'uwansa mai lamba 250 kai mai manifol da ake cirewa a farkon shekarun 1970, amma wanda ke riƙe da na Amurka, in yana son kafireta mai maƙogwaro biyu, sai dai ya yanka gungumen. Na zaɓi wannan injin ne domin shi ne mafi wuya. Wanda ya gane aikin a kansa, in ya koma kan 2F na Land Cruiser ko TB42 na Nissan Patrol, waɗanda manifol ɗinsu ke fita da sifana, zai ga abin kamar wasa.

Kafin ka taɓa ƙarfe, yi lissafi

Mutane da yawa nan suke faɗuwa, domin ido yana son babba. Kafireta ba ta tura mai cikin inji. Iskar da fistin ke zuƙa ce take wucewa ta matsattsen wuyan maƙogwaro, gudunta ya jawo fetur daga jet, wato ɗan ramin da ke auna fetur ɗin da zai fita. In wuyan ya yi faɗi fiye da abin da injin ke iya zuƙa, iskar sai ta yi sanyin gudu, fetur ya ƙi farfashewa, ka taka totur motar ta yi kamar za ta mutu kafin ta farfaɗo.

Ana auna girman kafireta da cfm, wato yawan iskar da ke iya ratsa ta a minti ɗaya. Lissafin ba wuya: girman injin a ma'aunin kubik inci (shi ne 200 ɗin da ke sunansa), sau juyin da za ka riƙa kai shi a minti, a raba da 3456. Injin 200 a juyi 4,500 ya ba da 260. Amma babu injin titi da ke cika silindarsa fal. Irin wannan da ƙyar yake kai kashi 80 cikin ɗari. Saura 208 ke nan.

Akwai wani tarko a nan. Ba da ma'auni ɗaya ake gwada kafiretoci ba. Mai maƙogwaro huɗu ana gwada ta da zuƙa ta inci 1.5 na zaiba, mai ɗaya ko biyu kuwa da inci 3. Saboda haka lambar da ke jikin mai maƙogwaro biyu ta kumbura da kusan 1.41. In ka ninka 208 da 1.41 za ka samu wajen 293. Autolite 1100 da ta zo da injin a tsakiyar shekarun 1960 wajen 185 take bayarwa, ka ga giɓin da idonka. Autolite 2100 mai maƙogwaro biyu, wadda ke da lamba 1.08 a gefen tukunyar mai (inda fetur ke taruwa a jikin kafireta), tana ba da 287, kamar don shi aka yi ta. Holley 350 ma tana tafiya, musamman in an gyara hanyar fitar hayaƙi. Holley 500 kuwa a kan injin da ba a canza masa kam ba, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ɓarnar kuɗi ce da fetur. Ita Weber 32/36 dabanta ne: ƙaramin maƙogwaro ke fara buɗewa, babban sai an taka sosai, shi ya sa take da sauƙin shan mai a cikin gari. Ni dai da za a tambaye ni, 2100 zan ɗauka, don tana da sauƙin gyara kuma ba ta da yawan yoyo. Mai 2F ya yi lissafinsa da 258 a madadin 200. A juyi 4,000, in ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari, zai samu kusan 239 kafin ninkawa da 1.41.

Me ya sa ba a tsaya ga mazurari ba

Ana sayar da wani mahaɗi mai siffar mazurari: sama faɗin maƙogwaro biyu, ƙasa ya tsuke ya shiga ramin asali. Minti talatin ka ɗaura. Yana ɗan taimakawa, ban musa ba, amma dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Ramin tsofaffin kawuna inci 1.5 ne, na 1969 zuwa sama inci 1.75. Duk iskar da maƙogwaro biyu suka kawo, ta wannan ƙofa guda za ta kutsa. Ga shi kuma yana ƙara tsayi har matatar iska ta riƙa dukan bonet. Aikin gaske shi ne a share saman gungumen, a buɗe ramin, kafireta ta zauna kai tsaye a kan farantin alminiyon da za a ɗaure a saman gungumen.

In kana da zaɓi, nemi kan silinda na ƙarshen shekarun 1970. Gungumensa ya fi girma, samansa ya fi faɗi, bawul ɗin shigar iska ma ya fi girma. Sai dai ɗakin ƙonewarsa wajen cc 62 ne, na shekarun 1960 kuwa wajen 52. In ka ɗora shi haka nan a kan tsohon inji, matsi zai sauka, ƙarfin da ka samo ta sama ya zube ta ƙasa. Dole a share fuskarsa a injin milin, wato injin da ke aske ƙarfe ya daidaita shi. Za mu dawo kan wannan.

Awo tun injin yana cikin mota

Kada ka yi gaggawar kwance kai. Ajiye motar a daɓe mai daidaito, cire tsohuwar kafireta, ka ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan mazauninta. Injin yana kwance ne da ɗan karkata zuwa baya, mazaunin kafireta kuma an yi shi da kwana don ita ta zauna daidai. Rubuta kwanar da ke tsakanin mazaunin da fuskar kan silinda. In mai milin ya share gungumen daidai da fuskar kan silinda ba tare da kula da ita ba, fetur zai taru gefe ɗaya a tukunya, kuma babu saitin da zai gyara.

Sai tsayi. Dunƙula laka ko taɓo kamar girman lemo, ɗora a kan tsohuwar matatar iska, rufe bonet a hankali, ka buɗe. Kaurin lakar da ta baje shi ne filin da kake da shi. Haɗa kaurin faranti da gaskit da tsayin sabuwar kafireta da matatarta, ka tabbata akwai ragowar aƙalla yatsa ɗaya, domin inji yana motsi a kan kujerunsa in an taka.

Yanzu ka yanke shawarar inda kafiretar za ta fuskanta. Autolite 2100 da Holley mai maƙogwaro biyu sanda ɗaya ce ta ratsa fukafukansu biyu, kuma tare suke buɗewa. Su za ka iya jera ramukansu bisa tsawon gungumen, ɗaya wajen gaba ɗaya wajen baya. Hakan yana da amfani biyu: gungumen ya fi yalwa ta tsawo, kuma fukafukan in sun ɗan buɗe ba sa karkatar da mai zuwa silindun gaba ko na baya. Weber 32/36 ba haka ba. Tunda ƙaramin maƙogwaro kaɗai ke aiki a yawancin tuƙi, in ka jera ta bisa tsawo, silindu uku za su ƙoshi uku su kwana da yunwa. Ita ramukanta su tsaya a gicciye, kowanne a tsakiyar gungumen. Duba kuma cewa cok da hannun totur ba za su taɓa murfin bawul ba. Ɗora kafiretar da hannu ka jujjuya ta ka gani kafin ka ja layi ko ɗaya.

Kwance kai da zana wurin yanka

Zubar da ruwan lagireto, cire batir, kwance salansa daga manifol ɗin hayaƙi, cire sandar rokoki, ka jera sandunan turawa a kwali bisa lambarsu don kowacce ta koma gidanta. Sassauta kusoshin kai daga waje zuwa ciki. Kan nan yana da nauyi, ga gungume a gefe yana rinjaya; ku ɗaga shi ku biyu. Cire bawuloli duka. Kada wani ya ce maka za a iya yanka shi a kan mota a cusa tsumma a ciki. Garin ƙarfe yana da hanyarsa, kuma ringi da bearin ne za su biya.

Gaskit ɗin ƙasan sabuwar kafireta shi ne ma'auninka. Shafa wa saman gungumen baƙar maka, ɗora gaskit ɗin, tsakiyarsa a kan tsakiyar tsohon rami, ka zana da tsinin ƙusa. Za ka ga nan take cewa ramukan kusoshi huɗu na kafiretar sun faɗa a iska, sun wuce gefen gungumen. Dalilin faranti ke nan.

Ciko da walda

Saman gungumen ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yana da tudu a wajen tsohon mazauni, da gangara a gefe, kuma bangonsa ba shi da kauri. In aka share har wuri ya yi faɗin da faranti zai zauna, wani gefen zai zama kamar takarda ko ya huje. Don haka ake fara cike kwaruruwan. Nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri.

Zubabben ƙarfe ba ya son zafin farat ɗaya. A goge wurin har ya yi fari, a dumama kan gaba ɗaya a hankali, ba wurin cikon kaɗai ba, sannan a cika da sandar tagulla da wutar gas. In da waldar lantarki za a yi, sai da sandar nikel, ɗan guntu-guntu, ana bubbugawa da ƙaramar guduma tsakanin kowane zubi. Da an gama a binne kan cikin busasshen yashi ko toka mai ɗumi a bar shi ya kwana. Na taɓa tsayawa a kan wani mai walda da ya gama ciko mai kyau, sai ya ɗauko bokiti zai watsa ruwa don in samu in tafi da wuri. Da ban riƙe hannunsa ba, da ƙarar tsagewar za mu ji. Wasu suna ciko da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu. Yana riƙe ƙananan wurare, amma ka tuna manifol ɗin hayaƙi yana ƙarƙashin gungumen kai tsaye. Ban yarda a ɗora masa zaren kusa ba.

Ciko ne farko, sharewa daga baya, fuskar kan silinda kuma a ƙarshe, domin zafi yana iya ɗan lanƙwasa shi.

Sharewa da buɗe rami

Kai wa mai injin milin kan, da kafiretar, da kwanar da ka rubuta. Ya share kaɗan-kaɗan, ya tsaya da zarar an samu fili mai santsi da ya zagaye layin da ka zana da aƙalla milimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe. Wannan gefen shi ne zai hana iska sata. Wanda ba shi da milin a kusa zai iya da injin gurza da magagari da samfefa da aka manna a kan gilashi mai kauri, amma aikin yini biyu ne, kuma sai ya riƙa gwadawa da miƙaƙƙen ƙarfe yana haska tocila ta baya. In haske ya ratsa, iska ma za ta ratsa.

Ramin kuwa a mai da shi mai siffar ƙwai, ya haɗe maƙogwaron biyu. Huda ƙananan ramuka a cikin layi, fasa tsakaninsu, ka gyara da ƙaramin injin gurza. Kada ka bar bakin ciki da kaifi. Iska da fetur suna saukowa ne su yi kwana zuwa gaba da baya, kuma a kaifin kwana fetur yakan rabu da iska ya kwanta a ƙasa. Zagaye bakin yadda yatsa zai zame a kai. Cikin gungumen kuma kada ka goge shi ya yi ƙyalli. Ɗan kaushi yana taimaka wa mai ya zauna cikin iska. Silinda ta 1 da ta 6 su ne na nesa, su ne kullum ke samun ragowa a inji mai shida a jere, kuma duk abin da ka yi a bakin ramin nan su yake shafa.

Faranti

Alminiyon mai kaurin milimita 12 zuwa 19 ya isa. Zana gaskit a kai, buɗe ramukan maƙogwaro daidai da na kafireta ko da ɗan rara kaɗan, sannan ta ƙasa ka faɗaɗa su su haɗu da ramin gungumen ba tare da matakala ba. Yanka zare a kusurwa huɗu don kusoshin kafireta. Na Autolite da Holley 5/16 ne, kuma ramukansu iri ɗaya ne, don haka faranti guda yana ɗaukar kowacce. Weber nata daban.

Farantin da kansa ana ɗaure shi a gungumen da sukurori masu nutsewa, huɗu zuwa shida, a inda ƙarfen ya fi kauri ko inda aka yi ciko. Ka tsara su yadda gindin kafireta zai danne kawunansu, ko kuma su kasance waje da ramin. Sukuru ɗaya in ya kwance ya faɗa ciki, sai ya gaisa da fistin. Sa musu gam ɗin zare. Tsakanin faranti da gungume sa gaskit na takarda mai jure fetur da ɗan shafen gam irin wanda fetur ba ya ci. Silikon ba ya wannan aikin, narkewa yake ya zama kamar majina.

Kafin ka ɗaure, ɗora kafiretar a kan farantin a hannu, ka buɗe totur har ƙarshe. Fukafukan suna leƙowa ƙasa da gindinta. In suka taɓa faranti, wata rana totur zai maƙale a buɗe. Huda kuma wurin tiyon da ke zuƙe tururin cikin inji, da na birki in motar tana da mai taimakon iska. Tsohon mazaunin da ka cire a wasu shekarun ruwan zafi yana bi ta cikinsa, sai ka haɗe tiyoyin biyu. A ƙasa mai zafi ba za ka yi kewarsa ba. Abin da ya fi damunka shi ne zafin hayaƙi ya tafasa fetur a tukunya, motar ta ƙi tashi bayan an tsaya shan mai. Gaskit mai kauri mai hana zafi a ƙarƙashin kafireta yana magance yawancin wannan.

Wanke kan da ruwan zafi da sabulu da burushin kwalba, hura iska, sake wankewa. Goga farin tsumma a cikin gungumen; sai ya fito fari za ka mayar da bawul.

Mayarwa, da maganar matsi

Gaskit ɗin kai na asali siririn ƙarfe ne, wajen inci 0.025. Waɗanda ake samu yanzu sun kusa ninka shi kauri. Wannan bambancin kaɗai yana rage matsi, don haka ko kan asali ka mayar, a share fuskarsa gwargwadon bambancin. In kan mai cc 62 ne, sharewar ta fi haka, kuma a auna ɗakin da sirinji da ruwa maimakon a yi ka-ce-na-ce. Ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje, zagaye uku, da sifana mai awo, bisa adadin littafin injin.

Wutar da ake mantawa

Ga inda mutum zai gama duk wahalar nan ya tada mota ya ji ta fi da lalaci. Injinan kafin 1968 suna da distiributa da ake kira Load-O-Matic. Ba ta da nauyayan da ke gabatar da wuta in juyi ya ƙaru. Gaba ɗaya da zuƙar iska take aiki, kuma zuƙar ta musamman ce daga wani bawul da ke jikin Autolite 1100. Ka cire kafiretar, ka cire mata kai. Dole a canza ta da ta 1968 zuwa sama mai hanya biyu, wato mai aiki da nauyaya da kuma zuƙar iska, ko Duraspark II ta lantarki da ta zo a tsakiyar shekarun 1970. Jerin wutar bai canza ba: 1-5-3-6-2-4.

Totur kuma ya fi sauƙi a mai da shi na waya maimakon sanduna. Sa wani ya taka feda har ƙasa kana kallo: fukafukai su miƙe tsaye daidai lokacin da feda ta taɓa ƙasa, ba kafin nan ba. Sifirin mai mayarwa guda biyu, ba ɗaya ba. Mai giyar otomatik ya haɗa sandar da ke sauke giya in an taka. Famfon mai na asali ya ishi Autolite da Holley. Weber ba ta son abin da ya wuce psi 3 ko kusa da haka, sai an sa mata mai rage matsi, in ba haka ba ta yi ambaliya.

Tashin farko da saiti

Ajiye abin kashe gobara kusa. Mayar da sukurorin mai na silo ciki a hankali har su taɓa, ka dawo da kowanne juyi ɗaya da rabi. Tada injin, duba yoyon fetur kafin komai, bar shi ya yi zafi. Saita taimin da fitila tukuna, sannan kafireta. Sa agogon zuƙa a manifol: lafiyayyen inji a silo yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye, kuma yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 ta tudu. In ya yi ƙasa ko silo ya ƙi sauka, fesa ɗan maganin wanke kafireta a gefen faranti, kana nesa da manifol ɗin hayaƙi. Juyi ya canza, iska na sata a nan, kuma babu jet ɗin da zai rufe wannan. Kwance ka gyara.

In babu sata, juya sukurorin biyu daidai wa daida, kwata-kwatan juyi, har allura ta kai ƙololuwa. Fita titi. In ka taka da sauri ta yi tari ta kafireta, famfon feshin totur ne bai ba da isasshe ba. Matsar da sandarsa rami na gaba. In tana fizga a tafiya madaidaiciya, jet ya yi ƙanƙanta. In baƙin hayaƙi ne da warin ɗanyen mai kuwa, jet ya yi girma, ko matakin mai a tukunya ya hau. Kafiretar da aka ciro daga V8 an saita ta ne don wani injin, don haka ka sa rai za ka canza jet, lamba biyu a lokaci guda, abu ɗaya a kowane gwaji.

Bayan tafiyar kilomita 30 ko 40 da sababbin fulogi, kashe injin ka ciro duka shida ka jera su a kan bonet bisa lamba. Launin ƙasa-ƙasa ake nema. Na 3 da na 4 kusan kullum za su fi duhu kaɗan. Ka saita jet ɗinka bisa na 1 da na 6: in su sun yi fari fat, ƙara mai ko da na tsakiya sun ɗan yi baƙi. Bayan zafi da sanyi biyu ko uku, cire kafiretar ka sake bin sukurorin faranti, domin alminiyon da zubabben ƙarfe ba sa buɗewa daidai, kuma gaskit ɗin takarda yakan ɗan kwanta.